Muhawara: Michael Cretu da Enigma, wa ke da ikon ɗora addu'ar wasu a kan kiɗa?

Sani Mai Fiyano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda har yau ba mu gama ja-in-ja a kan sa fiyano a waƙoƙin bege ba, bari in kawo muku labarin wani furodusa da irin wannan rigima ta kai shi gaban lauyoyi har sau biyu. Sunansa Michael Cretu. Da yawanku ba ku san sunan ba, amma kun san sautin: ganga tana tafiya a hankali, sarewa tana kuka daga nesa, ga muryoyin maza suna rera wani abu da Latin. Enigma ke nan, sunan da yake fitar da wannan kiɗan da shi.

An haife shi a Bukares ta ƙasar Romaniya a 1957. Tun yana yaro aka sa shi koyon kiɗan Turawa na ƙa'ida, wanda ake karantawa a takarda. A 1975 ya koma Jamus ta Yamma, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Frankfurt, daga nan ya shiga aikin sitidiyo yana danna fiyano a ƙarƙashin Frank Farian, mutumin da ya haɗa Boney M da iyayenmu suka sha ji a rediyo. Wato ta ƙasa ya faro, irin yadda yawancinmu muka faro, ana biyanka ka buga wa wani ya yi suna. A 1985 ya yi wa mawaƙiya Sandra waƙar "Maria Magdalena" wadda ta zagaye Turai, suka yi aure a 1988, suka tare a tsibirin Ibiza na Sipaniya, ya kafa sitidiyonsa a gida.

A can ya kulle kansa wata takwas ya fito da albam ɗin farko na Enigma a ƙarshen 1990, mai suna MCMXC a.D., wato shekarar ce aka rubuta da lambobin Romawa. Bai sa sunansa ba, Curly M.C. ya kira kansa, abokin aikinsa Frank Peterson kuma ya zama F. Gregorian. Ba hoto, ba hira, ba hawa dandamali. Waƙar "Sadeness" ta zo ta ɗaya a Jamus da Ingila, ta kai ta 5 a Amurka, albam ɗin kuma ya shekara fiye da biyar yana cikin jerin Billboard na albam 200 da suka fi kasuwa.

Ni a wurina mutumin gwani ne, kuma abin da ya yi buɗe ƙofa ne. Ina son in ji ta bakinku, musamman Malam Bulus, tunda muryoyin daga cocinku aka ɗauko su.

Ummi 'Yar Gwale:
Yaya Sani, ba shi ne mai "Ameno" ɗin nan da ta cika TikTok ba?

Ɗan Damagaram:
A'a ƙanwata, wannan ta ƙungiyar Era ce, aikin wani Bafaranshe Eric Lévi, a 1996 ta fito, bayan Enigma ta share musu hanya. Wadda kika ji a TikTok kuma gyaran amapiano ne da Nektunez na Ghana da Goya Menor na Najeriya suka yi a 2021. Akwai abin faɗa a kanta, amma a bar Malam Bulus ya fara.

Malam Bulus Kafanchan:
Na gode Malam Sani da ka kira ni. Gwanintarsa ban musa ba. Amma kafin a ce ya buɗe ƙofa, ya kamata 'yan zaure su san abin da ke bayan ƙofar.

Rerawar da kuke ji ita ake kira ta Giregori, an jingina ta ga Paparoma Giregori na ɗaya wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake masana sun ce a ƙarni na 8 da na 9 ta zauna da siffar da aka san ta da ita, a yankin da yake Faransa da Jamus a yau. Murya ɗaya ce kowa ke bi, ba kayan kiɗa, ba ganga, ba tafi. Ba ta da bugu da za ka ƙirga da ƙafa. Kalmomin addu'ar da numfashin masu rerawa su ne ke ja, su ne ke tsayarwa. An yi ta ne don mutum ya manta da jikinsa na ɗan lokaci.

Gutsuren da Cretu ya ɗauka ya fito daga faifan wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Munich, Capella Antiqua, ƙarƙashin Konrad Ruhland, wanda suka naɗa a 1976. Abin da suke rerawa a wurin na Lahadin Dabino ne, ranar da muke fita da ganyen dabino a hannu muna tunawa da shigar Yesu Urushalima mako ɗaya kafin Ista. Akwai kiran da ake yi wa jama'a su tashi su tafi cikin salama, akwai Zabura ta 24, inda ake ce wa ƙofofi su buɗe Sarkin ɗaukaka ya shigo.

To me ya ɗora a kai? Tambayoyi da Faransanci zuwa ga Marquis de Sade, marubucin nan da ya mutu a 1814, wanda duniya ta sani da rubutun batsa da azabtarwa, ya shafe shekaru masu yawa a tsare. Ga kuma muryar mace tana raɗa tana nishi a kan zaburar. Ba kuskure ba ne, da gangan aka haɗa su, domin karon da ke tsakanin tsarki da sha'awa shi ne hajar da aka kai kasuwa. In ka cire tsarkin, waƙar ba ta da gishiri. Wato yana buƙatar mu ci gaba da girmama abin, don shi ya ji daɗin taka shi. Wannan ne ke min ciwo, Malam Sani, ba gangar ba.

Sani Mai Fiyano:
Na ji, kuma ba zan kare zancen Sade ba. Amma ku bar ni in yi magana a matsayin mai sana'a. Kai da kanka ka ce rerawar ba ta da bugu. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗora muryar da ba a yi ta a kan awo ba bisa ganga ya san wahalar. Yau kwamfuta tana ja maka murya ta miƙe ko ta tsuke ba tare da ta lalace ba. A 1990 na'urar yanko sauti ba ta ɗaukar abu mai tsawo, sai ka yanka jimla gutsure-gutsure, ka nemi inda gaɓar kalma za ta faɗo daidai da bugu, inda ba ta faɗo ba ka bar sarari, ka cike shi da amsa-kuwwa. Shi ya sa waƙoƙinsa suke da faɗi, kamar ana rera su a babban ɗaki. Gangar kuma ya rage mata gudu ƙwarai, ba irin ta gidan rawa ba, don numfashin masu rerawar ya samu wurin zama. Sarewar ma ba ta Turawa ba ce, sautin sarewar gora ce ta Japan da ke zuwa cikin na'urar. Kunne ne ya haɗa waɗannan ukun, ba sa'a ba.

Sannan ga sakamako. A 1994 aka sake fitar da tsofaffin rerawar sufayen gidan ibadar Santo Domingo de Silos, kusa da Burgos a Sipaniya, ba ganga ba komai, albam ɗin ya kai na 3 a Amurka, aka sayar da miliyoyi. Wa ya shirya kunnen mutane? Ni na ce Enigma ce.

Malam Bulus Kafanchan:
Wataƙila ta taimaka. Amma ka duba yadda aka tallata faifan sufayen: maganin gajiya, abin saurare bayan an taso daga aiki. Mutane sun saya, baƙi sun yi ta tururuwa zuwa gidan ibadar har suka dami masu zaman kaɗaici. Wannan cin kasuwa ne, ba dawowa ga addu'a ba. Ni ina koyar da ƙungiyar mawaƙan coci, kuma da Hausa muke yawancin waƙoƙinmu, da ganga da tulu da kacau-kacau, tun bayan da babban taron Batikan na biyu ya ba da damar yin sujada da harshen jama'a. Saboda haka ba ni cikin masu cewa kiɗa ƙazanta ne. Bambancin shi ne mu muka sa gangarmu a addu'armu, kuma Wanda ake yi dominsa bai canja ba.

Barista Binta Zariya:
Ku ba ni wuri in shigo ta ɓangaren shari'a, domin akwai abin da samarinmu na sitidiyo ke ruɗewa a kai kullum. Suna cewa ai waƙar tsohuwa ce, ba ta kowa ba ce. Gaskiya ne karin da aka yi shekara dubu ana rerawa ba mai riƙe da haƙƙinsa. Amma muryar da aka naɗa tana da masu ita, faifan ma yana da mai shi. Da Cretu ya ɗauko mawaƙa ya biya su suka rera masa sabo, da ba wanda zai kai shi ƙara. Sai ya yanko daga faifan Capella Antiqua ba izini, ba ko suna a bango. Suka kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, aka biya diyya.

Da a nan ya tsaya, da sai in ce zamanin ne, dokar yanko sauti ba ta gama zama ba. Amma a albam na biyu, The Cross of Changes na 1993, aka maimaita, kuma wannan karon a kan mutanen da ba su da kamfani a bayansu. Amshin nan na "Return to Innocence" da kowa ya haddace ba tare da ya san yarensa ba, muryar wani dattijo ce mai suna Difang da matarsa Igay, manoma 'yan ƙabilar Amis daga gabashin Taiwan. Waƙar dattawa ce ta taro, ba ta ibada ba, amma gadon kakanninsu ce. A 1988 an kai su Faransa cikin wata tawaga don nuna al'adu, wata cibiya a Faris ta fitar da faifan waƙoƙin, daga nan muryar ta isa Ibiza. Tsofaffin ba su san komai ba sai a 1996, lokacin da aka yi amfani da waƙar wajen tallar wasannin Olamfik na Atlanta, wani ya ji a rediyo ya zo ya gaya wa tsohon cewa ga muryarsa can tana yawo a duniya.

An shigar da ƙara a 1998, aka sasanta a 1999, aka amince a riƙa sa sunayensu. Cretu ya ce shi an sa ya ɗauka sautin ba mallakin kowa ba ne. A 2002 su biyun suka rasu, makonni kaɗan tsakani. Wato shekara uku kacal suka rayu da sunansu a kan muryarsu.

Ɗan Damagaram:
Hajiya Barista ta taɓo inda nake so. Matsalar ba Cretu kaɗai ba ce, sarƙa ce. Mai bincike ya zo ƙauye da na'ura ya ce don ilimi yake naɗa, cibiya ta ajiye, ta buga faifai ta ce don a adana al'ada, furodusa ya sayi faifan a kanti, in ma ya biya izini to cibiyar ya biya. Kowa a sarƙar yana da takarda in ban da mai muryar. Haka aka yi da Deep Forest a 1992, Faransawa biyu, suka ɗauki waƙar rarrashin jariri ta wata mata Afunakwa daga tsibiran Solomon, wadda masani Hugo Zemp ya naɗa, ta zama waƙar da ta zagaye duniya. Ku tuna ma'ajiyoyin Faris da Landan da Balin suna ɗauke da muryoyin Afirka ta Yamma tun zamanin Turawan mulki. Abin da ya sami dattijon Taiwan ba abin da zai hana ya sami makaɗan fadar Damagaram ko ta Katsina.

Malam Habu Kabara:
Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Ni ba ɗan sitidiyo ba ne, a zawiya na tashi, bandiri na sani. Malam Bulus, maganarka ta shige ni, kuma ina ganin mu biyun abu ɗaya muke karewa.

Yaranmu su sani cewa rigimar kiɗa da zikiri ba yau ta fara a Kano ba. Marigayi Shehu Nasiru Kabara, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sha suka a kan bandiri, ya kare shi da hujjoji har ya koma ga Allah a 1996, kuma har yau akwai malaman da ba su yarda ba. Wannan saɓani ne na cikin gida, tsakanin mutanen da duk suka yarda cewa ambaton Allah abu ne mai girma. Mai bugun bandiri yana da alwala, ya san baitin da yake bi, in aka zo sunan Manzon Allah (S.A.W.) ya san yadda zai sassauta hannu. Bugun yana yi wa kalma hidima. A aikin wannan Bature kuwa, bisa bayanin da Sani ya yi da bakinsa, kalmar ce aka yanka don ta yi wa bugu hidima. An datse jimlar addu'a a tsakiya saboda gaɓarta ba ta faɗo daidai da ganga ba. To wa ya zama bawan wani?

Ka ɗauki tabarmar sallar maƙwabcinka ka shimfiɗa a wurin biki saboda zanenta ya burge ka. Ko ka biya shi kuɗinta daga baya, ba ka gyara abin da ka ɓata ba. Shi ya sa nake cewa Barista, Allah Ya saka miki, amma diyya rabin magana ce.

Sani Mai Fiyano:
Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya, kuma ba don rashin kunya ba. Mu ma fa mun yi aro. A Kano an yi ƙungiyoyin masu bege irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya, waƙoƙin soyayya tsakanin saurayi da budurwa, su cire kalmomin su sa yabon Annabi (S.A.W.) da Hausa, a kan bandiri. Ba wanda ya rubuta wa Bombay takardar neman izini. In aro ba tambaya laifi ne, to mu ma muna ciki. In kuma haɗa abin duniya da abin ibada ne laifin, mu ma mun haɗa.

Malam Habu Kabara:
Tambaya ce mai kyau, ɗana, kuma tun a lokacin akwai malaman da suka ƙi abin, suna cewa mai saurare zai riƙa tuno 'yar rawar fim ɗin alhali ana ambaton Fiyayyen Halitta. Ni ma ban cika sakin jiki da shi ba. Amma duba alƙiblar tafiyar. Su sun ɗauko abin wasa suka nufi sama da shi, suna fatan su janye samari daga sinima zuwa zawiya. Shi ya ɗauko abin sama ya nufi ɗakin kwana da shi. Sannan kari suka ara, da bakinsu suka rera. Ba su yanko muryar wani bawan Allah yana tsakiyar ganawa da Ubangijinsa ba. Batun haƙƙin masu karin na Indiya kuwa, wannan na bar wa Barista, ba zan ce mun fita ba.

Barista Binta Zariya:
Ba mu fita ba, Malam. Karin waƙar fim yana da mai shi, kuma yawancinsu suna raye a lokacin.

Musa Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Ghana. Ina son in gwada zauren nan da wani misali, mu ga ko masu yaba wa Cretu za su tsaya a kan bakansu. Shekara tara kafin Enigma, a 1981, Brian Eno da David Byrne sun fitar da albam mai suna My Life in the Bush of Ghosts, sunan ma daga littafin Amos Tutuola na Najeriya suka aro shi. A ciki akwai waƙa guda da suka ɗora karatun Alƙur'ani na wasu Musulmin Aljeriya a kan kiɗa. Wata majalisar Musulunci ta Birtaniya ta yi ƙorafi, aka cire ta daga bugun da suka biyo baya, kuma ko da aka sake fitar da albam ɗin a 2006 ba a mayar da ita ba.

Yaya Sani, in gwaninta ce ma'auni, Eno ba ƙaramin gwani ba ne. Ka yarda a mayar da waƙar?

Sani Mai Fiyano:
Subhanallahi, a'a. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba a ɗora shi a kan kiɗa, ko wane ne ya yi.

Malam Bulus Kafanchan:
To ka fahimce ni ke nan, ɗan'uwana. Ban ce matsayin rerawarmu a wurinmu daidai yake da matsayin Alƙur'ani a wurinku ba, kowane addini da yadda ya jera abubuwansa, mu muna rera Zabura da kayan kiɗa ba laifi. Amma wannan abin da ya taso maka a ƙirji kafin ka gama karanta tambayar Musa, shi nake ji in na ji zaburar Lahadin Dabino da nishi a kanta.

Musa Zangon Kumasi:
Sai dai kada mu sauƙaƙa abin da yawa, domin akwai misalin da ya fi wannan wuya. A 2008 kamfanin Sony ya ɗage fitar da wasan bidiyo na LittleBigPlanet, ya janye faifan da aka riga aka rarraba, saboda a cikin kiɗan wasan akwai waƙar marigayi Toumani Diabaté na Mali, makaɗin kora (kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa), wadda aka rera gutsuren ayoyi biyu a ciki, masu maganar cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa kuma duk abin da ke bayan ƙasa mai ƙarewa ne. Toumani Musulmi ne, waƙar ta juyayin rasuwar ɗan'uwan mawaƙin da ya rera ta ce, kuma a wurinsa ba raini ba ne. Ga ɗan gida ya yi, wasu 'yan gida sun ƙi. Saboda haka "a tambayi masu abin" ba ya kashe magana, domin masu abin ba bakinsu ɗaya ba.

Malam Habu Kabara:
Ba ya kashe magana, amma yana mayar da ita inda ya kamata a yi ta. Ni da an tambaye ni, da na ce wa Toumani ya bar ayoyin a waje, Allah Ya jiƙansa. Amma zan gaya masa ne a matsayin ɗan'uwa da zai amsa min da hujja, mu yi ta yi. Wa mawaƙan Munich za su yi wannan zancen da shi, alhali Cretu ko sunansa ya ɓoye?

Ummi 'Yar Gwale:
To ni abin da ban gane ba, Baba Malam, in ɗaukar addu'ar gaske ne matsalar, ai masu "Ameno" sun huta. Ɗan Damagaram ya ce akwai magana a kanta.

Ɗan Damagaram:
Akwai. Kalmomin "Ameno" ba Latin ba ne, ƙirƙirarsu aka yi su yi kama da shi, ba su da ma'ana a kowane harshe. Mawaƙa aka ɗauka aka biya suka rera. Ta fuskar Barista ba ƙara, ta fuskar Malam Bulus ba zaburar da aka taɓa. Frank Peterson ma da ya rabu da Cretu wata hanyar ya bi, ya kafa ƙungiyar Gregorian, maza sanye da rigunan sufaye suna rera waƙoƙin zamani da salon coci. Amma ni wannan bai kwanta min ba. Kwarjinin da mutum ke ji in ya saurara, daga ina ya zo? Daga ɗaruruwan shekarun da wasu suka yi suna tashi da asuba suna rera abin da suka yi imani da shi. An ci kwarjinin, an zubar da imanin. Ki yi tunanin wani ya ƙirƙiro kalmomi marasa ma'ana masu kama da Larabci, ya rera su da salon ƙasida, ya sa rawani. Ba aya ko ɗaya a ciki, amma za ki ji daɗi?

Malam Bulus Kafanchan:
Ni dai na fi iya haƙuri da wannan. Rigar aka ara, ba mutumin ba.

Barista Binta Zariya:
Akwai hanya ta uku, kuma a shekarar da Enigma ta fito aka bi ta. A 1990 Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, sarkin ƙawwali, waƙar Sufayen can, ya yi albam ɗin Mustt Mustt da furodusa Michael Brook ɗan Kanada a kamfanin Real World na Peter Gabriel, har 'yan ƙungiyar Massive Attack ta Ingila suka yi wa waƙar gyaran gidan rawa. Shi ma ya sha suka daga masu son ƙawwali tsantsa. Amma da ƙafarsa ya shiga sitidiyon, sunansa ne a gaba, shi ya zaɓi abin da zai rera da abin da zai bari a darga, wato hubbaren waliyyai. Suka sake haɗuwa a Night Song a 1996, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Wanda ya ga laifi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kuma don masu sitidiyo na zauren nan: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare mai rerawa a kan abin da aka naɗa daga bakinsa, tana kuma da tanadi a kan kayan al'adun gargajiya. Kada wani ya ce ai a WhatsApp na samu.

Sani Mai Fiyano:
Har yanzu ina kan bakana cewa kunnen Cretu ba irin na kowa ba ne, kuma bai tsaya wuri ɗaya ba. A albam na 2000 ya koma ga Carmina Burana, aikin Bajamushen mai tsara kiɗa Carl Orff, a Voyageur na 2003 ya ajiye rerawar coci da sarewar gaba ɗaya, har masoyansa suka yi ta gunaguni, na takwas kuma ya fito a 2016. Wanda ya bar abin da ya yi masa suna alhali kasuwa tana nema ba ɗan cin banza ba ne. Amma maganar Hajiya Barista ta ƙarshe da ni take, ko ta sani ko ba ta sani ba. Akwai aikin da ke kan teburina yanzu. Wani yaro ya kawo min muryar wani tsoho yana karanta Ishiriniya a wurin Mauludi, da waya aka ɗauka, muryar tana rawa irin ta tsufa, mai daɗi ƙwarai. Yana so in ɗora ta a kan kiɗa mai sanyi ya saka a YouTube. Na riga na fara yankawa.

Malam Habu Kabara:
Dakata da yankan, ɗana. Ishiriniya takhmisi ce, baitocinta a ɗaure suke biyar-biyar, in ka datse a inda ganga ta so za ka iya raba siffa da Wanda ake siffantawa, ma'ana ta juye ba ka sani ba. Ka nemi tsohon. Wanda ya ɗauka da waya ya san unguwar da aka yi Mauludin, mai unguwa ko limamin wurin zai kai ka. Ka je da abin da ka fara, ka sa masa a kunne. In ya ce a'a, shi ke nan. In ya ce to, ka zaunar da wanda ya san ƙasidar kusa da kai lokacin yankan, ka rubuta sunansa, ka yanka masa rabonsa tun kafin kuɗi su shigo. Ni ra'ayina kada a sa mata kiɗan ma sam, amma wannan tsakanina da kai ne, za mu ci gaba.

Sani Mai Fiyano:
Zan kira yaron gobe in gaya masa sai mun je wurin tsohon. In bai yarda ba ya ɗauki aikinsa, ga sitidiyo nan birjik a Zoo Road.

Malam Bulus Kafanchan:
Malam Sani, in ba damuwa ka turo mana muryar a nan yadda take, ba kiɗa. Ban taɓa zama na saurari Ishiriniya da kyau ba, ina so in ji.

Barista Binta Zariya:
Malam Bulus, mu fa ɗari da wani abu ne a zauren nan, kuma kowa yana da maɓallin turawa. Wannan ma a bari sai an tambayi tsohon.